Takardun Zakka a Ɗakin Inna Hurera

Tun da na dawo daga Karaye ba a bar ni na huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har a waya: "Malama Rabi, wai me ya faru ne a can? Kin tafi da kuzarinki, kin dawo kamar wadda aka yi wa rasuwa." Na gaji da cewa lafiya lau. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamar tattalin arziki ce a wata sakandaren 'yan mata a cikin birni, kuma shekara uku ke nan ina fama da digiri na biyu. Aikina a kan noman hatsi ne a Karaye da Rogo, yadda amfanin gona ke hawa da sauka shekara bayan shekara, da abin da hakan ke yi wa gidaje. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da alƙaluma na shekaru masu yawa a jere. Wallahi babu rumbun bayanai na intanet da ban leƙa ba. Na manyan hukumomin duniya na ƙasa baki ɗaya suke ba ka, kai ka ce Najeriya gona guda ce. Na gida, in ka yi sa'a, su ba ka na jiha. Wani rumbun sai ka cike fom ka faɗi dalilinka, ka zauna jiran a amince. Na jira wata biyu, da aka buɗe mini sai na tarar an cire sunayen garuruwa gaba ɗaya. Na laburaren jami'armu kuwa, duk ranar da na je, ko dai babu wuta ko lambar shiga ta daina aiki.

Na tattara abin da na samu na kai wa Dakta, mai duba aikina. Ya juya shafi uku, ya cire tabarau.

"Malama Rabi, taken aikinki Karaye da Rogo, alƙalumanki kuma na jihar Kano ne. Wa za mu yaudara da wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi ke nan abin da ke akwai."

Ya ce, "To ki je ki nemo wanda babu. Juma'ar sama ba wannan ba, mai bi mata, za a rufe karɓa. Kin san wannan ce shekararki ta ƙarshe. In ba ki kawo ba sunanki ya fita daga rajista, ba ni da yadda zan yi."

Kwana goma sha biyu ke nan. Na fito daga ofishin na nufi gida. Maigidana Auwalu ya ce in tafi, in sauka a gidan Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinsa da ke aure a Karaye. Na buga fom ɗin tambayoyi guda ɗari, na cusa a jaka, washegari da safe ina tasha.

Tsakiyar damina ce. Mu huɗu aka matse a bayan ƙaramar mota, buhun taki a kan ƙafata, kazar wata mata a ƙarƙashin kujera tana tsattsagar siket ɗina. Ba mu yi nisa a hanyar Gwarzo ba taya ta yi faci. Muka fito muka tsaya a gindin wata bishiya, ni kuma da shegen zumuɗi na zaro fom ina dubawa. Wani dattijo ya matso.

"Hajiya, ma'aikaciyar gwamnati ce?"

Na ce a'a, ɗaliba ce.

Ya yi murmushin wanda ya gane komai, ya rage murya. "Na fahimta. To in an zo rabon takin, Musa ne sunana, na Yammedi."

Na rantse masa ba rabon taki ba ne. Kafin mu shiga Karaye mutum uku sun ba ni sunayensu, har da direban.

Gwaggo Talatu ta karɓe ni hannu bibbiyu. Sai dai gaisuwa! Mu a birni in ka ce ina wuni, yaya yara, an gama. A nan sai da aka tambayi Auwalu, aka tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi gajiya sau huɗu, aka tambayi ruwan Kano ko ya kai nasu. Maƙwabta suka shigo aka sake daga farko. Aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, man shanu na yawo a kai, ni kuwa ina ci ina kallon agogo. Na ce, "Gwaggo, ko za a raka ni in fara ganin manoman yau?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Matar Auwalu, wuta ce ta kama? Ko hannu ba ki wanke ba. Ki bari a san ke 'yar gidan wa ce tukuna, in ba haka ba ko sunansu ba za su gaya miki daidai ba."

Kwana guda ya tafi a zagayen gaishe-gaishe. Raina yana ƙuna, bakina yana murmushi.

Rana ta uku Gwaggo da kanta ta raka ni Daura, ta nan Karaye ba ta Katsina ba, inda take da dangin miji. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, bayan azahar manoma suka fara shigowa da taɓo a ƙafa. Na gyara zama na ɗauki biro.

"Baba, bara dami nawa na dawa ka samu?"

"Alhamdu lillahi."

"Na ji, Baba. Amma nawa?"

"An samu na sawa a bakin salati."

Oh ni Rabi! A wane gurbi zan rubuta bakin salati? Na biyu ya ce dami uku kacal ya samu, alhali daga inda nake zaune ina hango rumbunansa ta saman katanga, manya-manya. Na uku da ya ji na kai tambayar shanu, sai ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya fita ko sallama babu. Aka fara zamewa ɗaya-ɗaya, har ya rage daga ni sai Gwaggo da mai gidan, shi ma yana kallon ƙasa.

A hanyar komawa Gwaggo ta wanke ni tas. "Ke da iliminki! Wa ke faɗin abin da ya noma a bainar jama'a? Baki fa? Wanda ya ce miki uku, ya zaci tallafi za a raba, in ya faɗi gaskiya a tsallake shi. Wanda ya fita kuwa, ƙanensa masu garkuwa da mutane suka ɗauke a wani gari can yamma, kuma kafin a ɗauke shi baƙo ne ya zo yana irin tambayoyin nan naki. Wa ya fi hatsi, wa ya fi shanu. Yanzu mai wannan tambaya suna gare shi a ƙasar nan, kuma ba suna mai daɗi ba ne."

Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. A littafi an ce ka je ka tambayi manomi, ba a ce manomin yana da dalilin tsoronka ba.

Mijin Gwaggo ne ya ce in gwada Malam Idi a Yammedi, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, wai yana da littattafan da yake rubuta komai a ciki. Washegari na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, ɗan siririn tsoho mai yawan dariya. Da ya ji buƙatata ya yi murna ƙwarai, ya sa aka jawo wani buhu daga ɗakin ajiya. Ya kwance bakin buhun, ya zura hannu, ya fito da ƙasa. Gara ta gama da su. Bangon littattafan kawai ya rage, ciki duk ya zama gini.

Na ji hawaye ya taho. Shi kuwa dariya ya yi har da tari.

"Kada ki yi kuka, 'yata, ba ki yi asarar komai ba. Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa na sama da ni ba. A kan babur nake wucewa in dubi kan dawa. In ta yi kyau in ƙara kaɗan a kan na bara, in ba ta yi ba in rage. In aika. Wanda ya karɓa ya gyara nasa, ya aika gaba. Shi ne kike gani a kwamfutarki an jera shi da ɗigo da komai."

Na ce, "Baba, to ina gaskiyar take?"

Ya daina dariya.

"Manomi zai ɓoye wa gwamnati, ya ɓoye wa maƙwabci. Da wuya ya ɓoye wa Allah. Duk dami goma, ɗaya na zakka ne. Akwai wani ƙauye a ƙasar Beli, can Rogo, limaminsu marigayi shi ake kai wa zakkar gari ya raba. Mutum ne mai tsoron haƙƙi, don haka duk damin da ya shigo sai ya rubuta, duk wanda ya fita sai ya rubuta. Ya fi shekara talatin yana yi. In kin san abin da aka kawo, ki ninka sau goma, kin san abin da aka noma."

Shekara talatin a jere, gida-gida! Babu rumbun bayanai a duniya da ke da irin wannan. Malam Idi ya rubuta 'yar takarda zuwa ga Malam Hadi, ɗan marigayin, ya ba ni lambar wayarsa, ya ce, "Ban yi miki alkawari ba fa. Ni kaina sau ɗaya na taɓa ganin takardun, daga nesa."

Saura kwana bakwai. Na hau mota zuwa Rogo, daga nan na ɗauki mai babur, wani mai furfura da ake kira Ɗanlami. Mun bar kwalta da kamar rabin awa sai ga gungume an gicciye a hanya, mutum biyar a gindin ɗorawa da bindigogin toka. 'Yan sa-kai ne masu tsaron ƙauyukan. Ɗanlami suka sani, ni ce baƙuwa. Shugabansu, wani dogo da suke ce wa Kwamanda, ya ce a buɗe jaka.

Ya zaro fom ɗin. Ashe ya yi boko. Ya karanta a hankali da ƙarfi, don sauran su ji: "Suna. Yawan hatsin da aka noma. Yawan shanu." Ya ɗago ido. "Wa ya aiko ki?"

Na ce makaranta. Na miƙa katin shaida, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Bai sunkuya ba.

"Kati ai ko ni ina iya bugawa a Rogo. Na ce wa ya aiko ki ki rubuta masu shanu?"

Ɗaya daga cikinsu ya zagaya ya tsaya a bayana. Ɗanlami ya sauka daga babur ya koma gefe, yana nuna shi haya kawai ya ɗauko. Na tuna 'ya'yana, na tuna ko Auwalu bai san sunan ƙauyen da na nufa ba. Can Allah ya tuna mini da takardar Malam Idi. Kwamanda ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa.

"Malam Idi na Yammedi? Shi ya koya wa babana zuba taki." Ya miƙo mini takardar, amma ya naɗe fom ɗin gaba ɗaya ya sa a aljihu. "Waɗannan sun tsaya a nan. Ki shiga a matsayin baƙuwar gidan liman. In na ji kin rubuta ko harafi ɗaya, ni da ke ne."

Gaba kaɗan muka tarar da rafi ya kawo. Ɗanlami ya tura babur, ni na cire takalmi, na ɗora jaka a ka, na shiga ruwa har gwiwa ina salati. Haka na isa gidan liman, siket a jiƙe, ƙafa duk taɓo.

Malam Hadi mutum ne mai sanyin magana, shi ya gaji limancin. Ya karanta takardar a zaure, ya ninke. "Malama, takardun nan ba a hannuna suke ba. Suna ɗakin Inna, mahaifiyata. Maza da yawa sun zo nema, iyakarsu zauren nan. Ke mace ce, ki shiga ku gaisa. Abin da ta ce shi ke nan."

Inna Hurera tsohuwa ce ƙarama, mai kaifin ido. Ba ta tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Ta sa aka ba ni ruwan wanka da zanin ɗaurawa, aka kawo dambun masara da zogale, ya sha ƙuli da mai. Wannan karon na koyi darasi, ban ɗauko maganar takardun ba. Na kwana a ɗakinta. Da safe na taya Saude, matar Malam Hadi, tsinke zogale, na yi wa Inna tsifa, muka yi ta hira a kan ciwon gwiwa da tsadar magani. Sai da rana ta ɗaga sannan ta ce, "'Yata, Hadi ya gaya mini. Miƙo mini gafakar can."

Gafakar fata ce, ta yi baƙi don tsufa, a rataye a ƙusa can saman gado. Ta kwance igiyar da kanta. Takardu ne warwara, rubutun ajami da tawadar allo, kowace shekara da nata. A fuskar takarda sunan mai gona da abin da ya kawo, dawa kaza, gero kaza, masara buhu kaza. A sama Liman ya sa shekarar hijira, wani wuri ya ƙara 'yar magana, bana ruwa ya ɗauke da wuri, bana tsutsa ta yi ɓarna. A bayan takarda kuma sunayen waɗanda aka ba. Na gode wa Allah da makarantar allon da na yi ina ƙunƙuni, ina karantawa tiryan-tiryan.

Inna ta ce, "Da ido za ki gani. Ba rubutu, ba kwafa. Marigayi Malam ya bar mini su amana, ya ce ko Hadi kada ya fita da su daga ɗakin nan."

Na roƙe ta. Na ce jimla kawai nake so, ba sunaye ba. Na gaya mata shekara uku, na gaya mata Juma'a. Ta saurara har na gama, ta ce, "Allah ya ba ki mafita, 'yata. Amma a'a."

Aka kira azahar. Ta miƙe da ƙyar ta ɗauki buta, ta fita, ta bar ni da takardun a cinya.

Ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ce. Na zaro waya, na kashe ƙararta, na fara ɗauka. Fuska, baya, fuska, baya. Ɗakin da duhu, ban lura ba ashe fitilar wayar tana walƙawa duk ɗauka. Ina kan takardun ƙarshe labule ya ɗaga. Saude ce da kwanon fura. Ta dube ni, ta dubi wayar. Ta ajiye kwanon a hankali, ta saki labulen, ta juya.

Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Na mayar da takardun, na ɗaure gafakar, na zauna ina jin gidan yana yin shiru ɗaki bayan ɗaki. Inna ba ta dawo ba. Bayan an sauko daga masallaci aka ce ana kirana a zaure.

Malam Hadi yana zaune, Kwamanda a tsaye a bakin ƙofa, bayansa mutane sun fara taruwa a waje. Inna tana daga ciki, bayan ƙyauren da ke shiga gida, ina ganin gefen mayafinta.

Malam Hadi bai ɗaga murya ba. "Malama, kin san abin da ke cikin wayar nan? Fuskar takardun, sunan duk mai abin hannu ne a garin nan, da shi da 'ya'yansa da suka gaje shi. Akwai mutane a daji da wannan kawai suke nema. In wayarki ta faɗi a tasha fa? Bayan takardun kuma, mutane ne da mahaifina yake aika wa hatsi a ɓoye, ko matansu ba su san daga ina ya fito ba. Wasu sun mutu da rufin asirinsu. Wasu 'ya'yansu ne a tsaye a waje yanzu."

Kwamanda ya ce, "A ba ni wayar in fasa, a wuce wurin."

Wani daga waje ya ce, "Dama an ce a Daura ma ta yi!" Ashe labarina ya riga ni ƙetare rafi. Hayaniya ta fara tashi. Na durƙusa, na ce a yi mini rai, zan goge a gabansu. Malam Hadi ya ɗaga hannu aka yi shiru. Kwamanda ya tsaya a kaina, na riƙa gogewa ɗaya bayan ɗaya yana kallo, har aka kai hoton 'ya'yana ranar sallah.

Ya ce, "Saura?"

Na ce, "Ka duba da kanka." Ya duba, bai ga komai ba.

Sai muryar Inna daga bayan ƙyaure: "A sa ta ta ce wallahi."

Na ce, "Wallahi na goge."

Na zaɓi kalmomin nan da gangan, kuma wannan ya fi ɗaukar hoton muni. Na san abin da su ba su sani ba. Wayar tana da kwandon shara, duk abin da aka goge yana zama a ciki kwana talatin kafin ya tafi.

Malam Hadi ya raka ni har bakin rafi don kada wani ya tare ni. Inna ta aiko Saude da ƙullin zogale busasshe, wai in kai wa yara. Na karɓa ban iya kallon fuskarta ba.

A motar Kano na buɗe kwandon. Suna nan, duka. Na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, na goge. Na ce sunaye zan cire, lamba zan sa wa kowane gida, wa zai cutu? Kwana uku na yi ina shigar da alƙaluman a kwamfuta, ko girki ban yi ba. Kuma aikin ya yi kyau, kada in ɓoye muku. Shekarun fari suka fito ɓaro-ɓaro, ana ganin lokacin da masara ta fara ture gero, ana ganin gidan da ke bayarwa ya koma karɓa, bayan shekaru ya sake komawa bayarwa.

Ranar Laraba na kai wa Dakta. Ya karanta a tsaye, ya manta bai zauna ba. "Malama Rabi, a ina kika samo wannan? Ban taɓa ganin irinsa ba! Wannan ai ya wuce digiri na biyu." Na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai ya ci gaba: "Abu biyu suka rage. Ki haɗa hotunan asalin takardun, a rufe sunayen, don yanzu duk bayanan da ɗalibi ya yi aiki da su ana ajiye su a rumbun jami'a, mai son tantancewa ya duba. Sannan takardar amincewa daga mai su, da sa hannunsa. Ban da ita kwamiti ba zai ko buɗe aikin ba. Ai ba matsala, ko?"

Na ce ba matsala.

Ranar Alhamis da hantsi na zauna da farar takarda a gabana. Na iya ajami. Wa zai je ƙauyen da sai an tsallake rafi ya tambayi wata tsohuwa ko ita ta sa hannu? Har na rubuta bisimilla a sama, na rubuta "Ni Hurera". Na tsaya ina kallon sunan a rubutun hannuna. Na riga na ɗauki hoto a ɓoye, na yi rantsuwa mai ƙofar baya, yanzu kuma zan ari bakinta in ce ta yarda. Na ga abin ba ya tsayawa, kowane mataki sai ya nemi wani. Na yayyage takardar.

Bayan la'asar na kira Malam Hadi. Sau uku tana katsewa kafin ta shiga. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi gajiyar hanya, kamar ba abin da ya faru. Na ce, "Allah gafarta Malam, hotunan nan suna nan. Na san suna nan lokacin da na rantse." Na bayyana masa kwandon, na gaya masa abin da aka nema a makaranta, na ce ina roƙon a yafe mini, in kuma da hali a ba ni izini, gobe ne ranar ƙarshe.

Ina jin kukan awaki ta cikin wayar. Can ya ce, "Bari in kai wa Inna."

Na ji takunsa, na ji ƙarar labule, na ji yana yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Sai muryarta, kusa sosai, irin ta wanda bai saba riƙe waya ba.

"Rabi."

"Na'am, Inna."

"Na san za ki ɗauka. Tun da na ga yadda kike kallonsu na sani. Na fita ne ina roƙon Allah ya sa in yi kuskure." Ta yi numfashi. "Izini kam babu. Ba nawa ba ne balle in bayar, masu shi yawancinsu suna ƙasa. Ki zubar da su, na wayar da na injin naki."

"To, Inna."

"Ba zan ce ki rantse ba, na ga yadda kike rantsuwa."

Wannan maganar ta fi mari zafi.

Ta ce, "Kin karanta bayan takardun?"

"Na karanta."

"Duka?"

"Duka, Inna."

"To da mu biyu ne muka sani, ni da Malam, shi kuma ya tafi. Hadi ma fuskar kawai ya taɓa gani. Yanzu ke ce ta biyun. Ni na kusa, ke kuwa da sauranki. Ki san yadda za ki yi da bakinki har ki same mu."

Ta miƙa masa wayar, aka katse.

Na buɗe kwandon na zubar. Na buɗe kwamfuta na goge aikin kwana uku, na bi shi har nata kwandon. Auwalu yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona.

Da safe na je na gaya wa Dakta mai takardun ba ta yarda ba. Ya riƙe kai, ya ce in sake roƙo, ya ce zai yi magana da ita da kansa. Na ce ranka ya daɗe, ta gama magana. Bayan sati biyu aka kafe sunayen waɗanda za su kare aikinsu. Na san babu nawa, amma sai da na je na tsaya a gaban allon, na bi su da yatsa tun daga na farko har na ƙarshe.